Tawada a Yatsan Ummi

Rifkatu, kina aji huɗu na firamare kika dawo gida wata rana idanunki sun kumbura, kika ce wata yarinya ta gaya miki an taɓa korar mamanki daga aiki saboda ha'inci. Na share miki hawaye, na ce ki je ki ci abinci. Ban ƙaryata maganar ba, kuma na ga kin lura ban ƙaryata ba. Yanzu da ke da ƙaninki Ishaku kun mallaki hankalinku, wadda ta ɗaure min baki kuma ta kwance shi da kanta, saboda haka ga yadda aka yi. Korata an yi. Ha'incin ma na yi shi. Sai dai abin da na faɗa a gaban mutane ranar da asirin ya fito, rabinsa ne kawai gaskiya.

A shekarar na gama jami'a a nan Samaru, ina zaune a gidan kakanku ina jiran kiran bautar ƙasa. Ni yarinya ce mai son zaman bakin taga. In hadari ya haɗu sai in bar shara a tsakar gida in tsaya kallo, in je in rubuta 'yan baitoci a bayan tsofaffin littattafan lacca. Sista Laraba, wata ma'aikaciyar jinya da muke coci ɗaya, ita ce ta tare ni bayan sujada ta ce ana neman 'yan mata masu karatu da Hausa a bakinsu, waɗanda za su iya shiga gidajen da aka rubuta wa "ba shiga", domin an dawo da rigakafin shan inna bayan tsaikon da aka samu. A wurin horo aka ba mu labarin inda yawancin kuɗin aikin yake fitowa. Wai wani mutum ne a Amurka da ya tara dukiya da harkar kwamfuta har ta fi ƙarfin lissafi, ya ɗauki alwashin sai ya ga bayan wannan cuta a duniya. Labarin ya shiga raina sosai. Na riƙa ganinsa kamar ruwan da ake shekawa a wani dutse mai nisa, mu nan ba mu ji ko yayyafi ba, sai dai mu wayi gari mu ga kogin Kubanni ya cika ya batse. Har waƙa na yi a kan haka, na karanta wa Baba. Shi kuwa shekara talatin ya yi yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen jami'a, bai cika ruɗuwa da komai ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce:

"Waƙar ta yi daɗi, Saratu. Amma shi mai ruwan ba zai zo ya ga bakin da aka zuba wa ba. Ke ce za ki gani."

Aikin ba shi da wuyar ganewa. Mu uku ne a ƙungiya, an ba mu unguwar Dogarawa. Da sassafe za mu hau bas daga Samaru mu sauka Kwangila, mu karɓi akwatin sanyi mai ƙanƙara da 'yan kwalaben magani a ciki. Duk yaron da bai kai shekara biyar ba, ɗigo biyu a baki, sai a shafa masa tawada da alƙalami a farcen ƙaramin yatsan hagu, a fito a yi rubutu da alli a jikin bango, a ja layi a takarda. Tawadar ita ce shaida. Masu sa ido in sun biyo bayanmu ba sa tambayar kowa, hannun yaro kawai suke kamawa su duba. Da yamma kuma a haɗu a asibitin unguwa a tara lambobi, su hau zuwa ƙaramar hukuma, su wuce Kaduna, su wuce Abuja, har su ƙetare teku. Ƙungiyar da lambarta ta gaza, a gaban kowa ake tsayar da ita. Sista Laraba, wadda take shugabantar mu, takan ce mutanen can ba su san sunan ɗan kowa ba, lamba suka sani. Mutanen unguwa kuma suna da tasu tambayar. Wani mai faci a bakin titi ya taɓa tsayar da mu, ba da faɗa ba, ya ce:

"'Yan mata, ku tsaya in tambaye ku. Da matata za ta haihu, safar hannu ma sai da na saya. Zazzaɓi yana kashe mana yara, maganinsa sai da kuɗi. To shi wannan attajirin da bai san ni ba, me na taɓa yi masa da zai biyo ni har ɗaka da kyauta?"

Na ce masa dai maganin yana da kyau, muka wuce.

A Dogarawa Hadiza take aure. Tun ajin farko na firamare benci ɗaya muke zama da ita. Da Sallah gidansu nake cin tuwo, da Kirsimeti ita ce take fara zuwa karɓar shinkafarta a wurin Mama. Mijinta Malam Sani yana sayar da kayan babur a kasuwar Sabon Gari, mutum ne mai sanyin magana. Tun ranar da mai unguwa ya sa aka ɗiga wa jikansa maganin a ƙofar masallaci, Malam Sani ya gamsu, har ya riƙa bin maƙwabta gida gida yana lallashinsu. Rabin layin nan saboda shi suka buɗe mana ƙofa. Shekara huɗu Hadiza ta yi a gidansa kafin ta samu ciki, shekara huɗu na habaici a gidan suna da jiƙe-jiƙen saiwoyi. Da ta haihu aka sa wa yarinyar sunan mahaifiyarsa, ake kiranta Ummi. Kasancewar 'yar fari ce, Hadiza ba ta kama sunanta, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, sai dai ta ce "yarinyar nan". A lokacin Ummi tana da shekara biyu, ga kuma wani cikin ya tsufa.

Ranar da muka isa gidan, abokan aikina suka tsaya a gidan da yake kallonsa, na shiga ni kaɗai. Hadiza ta ja ni ɗaki ta saki labule. Ummi tana zaune a kan tabarma tana wasa da murfin kwano. Na buɗe akwati, sai na ji ta riƙe min hannu, tafinta sanyi ƙalau.

"Saratu, don girman Allah, shafa mata tawadar kawai."

Na yi dariya, na zaci wasa take yi.

"Ba wasa nake ba. An ce duk 'ya macen da ta sha, ba ita ba haihuwa."

"Haba Hadiza, ke ma? Ƙarya ce fa. An gwada, an sake gwadawa. Malam da kansa ya yarda."

"Malam namiji ne. Shi aka yi wa gori shekara huɗu? Ni na san zaman jiran haihuwa, ƙawata. In ƙarya ce, ba abin da ya ragu. In kuma gaskiya ce fa? Ki shafa mata ya gani in ya dawo, shi ke nan."

Sai ta yi abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta sunkuya da tsohon cikinta ta ɗauki Ummi, ta rungume ta a gabana, tana kuka ba sauti. Ni kuwa ban iya ganin hawaye ba, kun san ni har yau. Na ce a raina wata guda ne kawai, zagaye na gaba zan shawo kanta. Na kama ɗan yatsan, na shafa. Ummi ta ɗaga hannu tana kallon farcenta tana murna kamar an yi mata lalle. Na fito na yi rubutu a bango, na ja layi a takarda. Layin nan ya tafi Kaduna, ya tafi Abuja, wataƙila har ya isa teburin attajirin, yana cewa an ba wata yarinya a Dogarawa magani. A zagaye na biyu na tarar Hadiza tana jego, ta haifi namiji, na ce ba a tayar wa mai jego hankali. A na uku ko musu ban yi ba. Da ta miƙo hannun yarinyar, na riga na cire murfin alƙalami.

Damina ta yi nisa lokacin da zazzaɓi ya kama Ummi. Kwana uku ya sake ta, aka yi hamdala. Da safe ta tashi za ta bi uwarta madafi, ƙafar dama ta ƙi ɗaukarta. Ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa. Aka kai ta asibiti, aka ɗauki abin da za a gwada, bayan makonni sakamako ya dawo: shan inna ne. Ranar da ta faɗi, sauran tawadar zagaye na uku tana nan a bakin farcenta, kuma duk wanda ya je dubiya ya gani. Kafin mako ya zagayo, labari ya game Dogarawa har cikin kasuwa: 'yar mutumin da ya fi kowa yarda da ɗigon, wadda ta sha sau uku, ita ce ta shanye. Malam Sani ya daina zuwa shago. Waɗanda ya lallasa suka riƙa zuwa ƙofarsa, wasu jaje, wasu tuhuma. Ya wanke rubutun allin da ke bangonsa da hannunsa, ya tsaya bayan sallar la'asar ya nemi gafarar jama'a, ya ce shi ya kai su ya baro, kuma muddin yana numfashi ba mai ƙara ɗiga wa ɗan wani komai a layin nan. Da aka aika wasu daga cikinmu su yi bayani, wata tsohuwa ta watsa musu ruwan wanke-wanke, samari suka bi su da jifa har titi. Ga wani zagayen saura kwana biyar, ranar Asabar. Likitan da ya zo ya gaya mana a fili cewa inda aka ga yaro ɗaya ya shanye, cutar tana yawo a cikin yara da yawa ba a sani ba. Ina zaune a benci na baya ina jinsa, ina ƙirga yaran layin a zuciyata, don na san su da sunayensu. Har da jaririn Hadiza.

Ranar Talata na yafa gyale, na bar rigar aiki a gida, na tafi. Na tarar da Hadiza ta rame kamar an sauya ta. Ummi tana kwance, ƙafar a miƙe kamar ba tata ba. Da ta gan ni ta miƙo min hannun hagu, ta saba. Na kasa kamawa.

"Hadiza, dole a faɗa."

"A faɗa wa wa?"

"Malam. Da mutanen unguwa. Suna cewa maganin ne, ni da ke mun san ko ɗanɗana shi ba ta yi ba."

Ta leƙa tsakar gida, ta dawo ta durƙusa a gabana, ta kama gefen zanena.

"In ya ji na yaudare shi sau uku, ya je ya tozarta kansa a masallaci a kan ƙaryata, wallahi ko kwana ba zan ƙara a gidan nan ba. Su karɓe yaran. Wa zai riƙa ɗaukar yarinyar nan zuwa bayi? Saratu, amana ce tsakanina da ke. Amana."

Na fito ban ce mata e ba, ban ce a'a ba. A bas ɗin komawa Samaru har na wuce inda zan sauka. Kwana biyu abinci bai wuce min ba. Ranar Alhamis da rana Baba yana gyaran keke a gindin mangwaro, na zauna kusa da shi na zayyana masa komai. Bai ɗago ba sai da na gama. Ya goge hannunsa da tsumma, ya ce a wurin aikinsu in aka manna wa kwalba sunan da ba nata ba, ba a tambayar wanda ya roƙa a manna, wanda ya manna ake nema. Na ce to Hadiza fa? Ya ce:

"Wa ya riƙe alƙalamin?"

Ranar Juma'a da yamma mai unguwa ya kira taro a zaurensa, don Sista Laraba da likita su yi ƙoƙari na ƙarshe. Zauren ya cika da maza har waje, hadari ya haɗu, zafi kamar a tukunya. Likita ya yi ta bayani ana gunaguni. Malam Sani ya miƙe, ya ce shi ba ya jin turancin likita, abu ɗaya ya sani: sau uku yana dawowa daga kasuwa yana duba yatsan 'yarsa yana ganin shaida, yau ga ta nan a kwance. Zaure ya ɗauki hayaniya. Ban san lokacin da na tuɓe takalmi na ratsa na durƙusa a gaban mai unguwa ba. Sista Laraba tana jan gyalena ta baya.

"Ranka ya daɗe, ina da magana. Ni ce mai shiga gidan Malam Sani. Ummi ba ta taɓa shan maganin nan ba. Sau uku ina shafa mata tawada ban ɗiga mata komai ba."

Mai unguwa ya ce in maimaita, na maimaita. Ya ce saboda me? Na ce yarinyar tana da ƙiwa, takan datse baki, mu kuma muna sauri, lamba nake so ta cika kada a tsayar da ni a gaban mutane. Wani daga baya ya ce an saye ni ne in wanke Turawa. Mai unguwa ya ɗaga hannu, ya ce zan iya rantsuwa da littafinmu? Na ce ko yanzu a kawo Littafi Mai Tsarki zan dafa, cewa ko ɗigo ɗaya bai taɓa shiga bakin Ummi daga hannuna ba. Na zaɓi kalmomin nan da kyau, don iyakar abin da zan iya rantsuwa a kai ke nan. Sai Malam Sani ya matso. Bai taɓa kallona ido cikin ido ba sai ranar.

"Saratu. Lokacin da kike wannan, uwarta tana ina?"

Na ce na aike ta ta kawo min ruwan sha.

"Sau ukun duka?"

"Sau ukun duka, Malam. Ƙawata ce, ta yarda da ni."

Ya daɗe yana kallona. Da ya ƙara tambaya ɗaya, na san zan rushe. Bai ƙara ba. Ya ce, a hankali, yadda na kusa ne kawai suka ji:

"Kin ci tuwo a gidana."

Ya juya ya fita. Da motar likita aka fitar da ni daga unguwar, kaina a sunkuye, ana dukan gilashi da tafin hannu. Kafin mu kai Kwangila Sista Laraba ta karɓe katin aikina. Ba ta zage ni ba, ta dai ce na zubar da mutuncin duk macen da ta taɓa ɗaukar akwatin nan, kuma gaskiya ta faɗa. Aka karanta sunana a taron ma'aikata a matsayin misali. A coci mata suka riƙa matsawa in na zauna. Mama ta yi wata guda ba ta shiga kasuwar Samaru ba.

Amma ranar Asabar ɗin na kasa zama. Na saka tsohon hijabin wata maƙwabciyarmu, na je na tsaya a rumfar mai facin nan, inda ake hango layin. Sabuwar ƙungiya ta iso da ɗan rakiya daga mai unguwa, suka tsaya a tsakiyar layi, ƙofofi duk a rufe. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta jiƙe, ba kowa a waje sai kaji. Sun kai minti ashirin a tsaye, har ɗaya ta fara gyara igiyar akwati za su juya. Sai ƙofar Malam Sani ta buɗe. Ya fito da jaririn a kafaɗa, abin da ban taɓa ganin namiji ya yi a layin nan ba. Mai maganin ta nufi cikin gida yadda aka saba, ya tare ta.

"A'a. Nan. A gabana."

Ya buɗe bakin yaron da yatsansa, ya ƙirga da ƙarfi, ɗaya, biyu. Ya jira har ya ga ya haɗiye, sannan ya miƙa hannun a shafa. Ba duka ƙofofin ne suka buɗe ba, kada in yi muku ƙari. Amma na ga bakwai, kuma a kowacce uba ne ya fito da ɗansa ya tsaya a kai. Mai facin, da bai gane ni ba, ya ce da ni ko da wa: "To, yanzu dai mun ga abin da ake ba su."

Ban sani ba ko ɗigo shida ɗin nan da sun tsare ƙafar Ummi. Likitoci sun ce mai yiwuwa ne ƙwarai, ba su ce tabbas ba. Ban kuma san ko attajirin ya taɓa jin cewa a cikin lambobinsa akwai layi uku na ƙarya da hannuna ya ja ba. Waƙar da na yi masa na yaga ta a makon. Ni da Hadiza kuwa, ko a hanya muka haɗu sai kowaccenmu ta duba wani gefe, ita don kunya, ni don kada a gan mu tare a yi tunani.

Bara da rani, kuna makaranta, aka yi sallama a ƙofar gidan nan. Hadiza ce, furfura ta fito mata, tare da wata matashiya mai dogara sanda, ƙafarta ta dama cikin takalmin ƙarfe, da goyo a bayanta. Muka zauna a falo. Can Hadiza ta ce ta gaya wa yarinyar nan komai tun kafin aurenta. Ta ce Malam ma, da ciwonsa na ƙarshe ya tsananta, ta durƙusa a gaban gadonsa za ta faɗa masa, ya ɗaga mata hannu.

"Ya ce in bar shi, tun a zaure ya sani. Wai ba a aiken uwa ɗebo ruwa sau uku."

Muka yi kuka, mu biyu, kamar muna benci ɗaya. Ummi ta bar mu muka yi mai isarmu. Sannan ta kwance goyonta, ta ɗora min 'yar a cinya, ta kamo ƙaramin yatsan hagun ta juyo min da shi. Tawadar ko bushewa ba ta gama yi ba.

"Anti Saratu," ta ce, "wannan a gabana aka ba ta. Na ƙirga."